Nijar ta janye sojojinta, mu kuma mun janye kuɗin sintiri

Tun ranar ƙaramar sallar 2025 nake juya maganar nan a raina ban rubuta ba, sai yanzu da wani abu ya faru a unguwarmu wanda hannuna ke ciki dumu-dumu, shi ne nace bari dai in zauna in amayar da ita ko na samu sauƙi. Doguwa ce fa, mai sauri ya ajiye sai dare.

Ranar lahadi ce 30 ga Maris, mun sauko daga idi muka wuce Kawo gaida kawuna kamar yadda muka saba duk shekara. Kawun nan tsohon soja ne, da igiya uku ya yi ritaya, ya yi Laberiya ya yi Saliyo zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Yammacin Afirka, yanzu ba abin da yake yi sai kiwon tantabaru da bin layin tantance 'yan fansho. Muna zaune a zaure an kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, 'yar rediyonsa da ya ɗaure wa murfin batir da roba tana gefe tana ta shuuu, ƙanina na latse-latsen waya sai yace kai, Nijar fa sun fita daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, jiya da daddare suka sanar a talabijin ɗinsu, wai za su mayar da ƙarfinsu wajen gadin rijiyoyin mai. Ya ajiye wayar yace wallahi wannan cin amana ne, ana tsakiyar yaƙi ka tattara komatsanka ka tafi, kuma a jajibirin sallah.

Kawu bai ko ɗago ba. Sai da ya gama suɗe hannunsa tas sannan yace, "Kai yaro, wace amana? Ka taɓa ganin wanda ya zo taya ka noma ya sayar da gonarsa?" Daga nan ya ce a miƙo masa ruwa, zancen ya koma kan tsadar shinkafa. Ni dai a ranar ƙanina na goya wa baya, a raina nace tsufa ne ke damun kawu.

Ga wanda bai bi zancen ba. Rundunar nan asalinta tun 1994 ne zamanin Abacha, ta Najeriya ce ita kaɗai don maganin 'yan fashin kan iyaka, a 1998 Chadi da Nijar suka shigo, sai a 2015 da Boko Haram ta gagari kowa aka sake mata fasali aka ƙaro Kamaru da Benin, aka mayar da hedikwata Njamena, aka ce kwamanda ɗan Najeriya ne, Buratai ma ya fara riƙe ta kafin Buhari ya ɗauko shi ya ba shi shugabancin sojan ƙasa, kuma Buharin ya yi alkawarin dala miliyan 100. An raba ta shiyya huɗu, Mora a Kamaru, Baga Sola a Chadi, Monguno a namu ɓangaren, sai Diffa a Nijar. To amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne kowace ƙasa sojojinta na zaune ne a shiyyarta, ita ke biyan su albashi, kuma shugabanta ne mai maganar ƙarshe a kansu. Allo ɗaya ne aka kafa a ƙofa, amma tukunya huɗu ake dafawa a cikin gidan. Wanda ya ga dama ya sauke tasa ba mai hana shi.

Kuma ba yau aka fara saukewa ba. Akwai wani bawan Allah da ke kawo mana bandar kifi a kwali nan unguwa, mutumin Doron Baga ne, tun 2015 ya zo Kaduna da iyalinsa bai koma ba. Idan kana son ka ga fuskarsa ta canza ka ambaci 3 ga Janairun shekarar. Ranar ne Boko Haram suka ci barikin rundunar haɗin gwiwar da ke Baga, wanda a lokacin shi ne hedikwata ma, kuma ashe kafin harin sojojin Nijar da na Chadi sun riga sun janye, namu ne kaɗai a ciki. Yawan waɗanda aka kashe har yau ana musu, gwamnati tace 150, wasu suka ce ya kai 2,000. Shi dai mai banda abin da yake cewa kullum, su sun kwanta ne da sanin cewa ƙasa uku ke gadinsu, ba wanda ya zo kasuwa ya yi shela cewa saura ɗaya. Yace da sun sani da tun da rana tsaka sun ɗaure kaya sun shiga mota, maimakon su faɗa kwalekwale ana harbi, yara na zamewa cikin ruwa.

Bayan wata ɗaya da wannan sai ga Chadi ta dawo da ƙarfinta. Duk wanda ke Arewa a lokacin ya san yadda muka riƙa yabon sojojin Idriss Deby, sun ƙwato Gamboru a Fabrairu, sun ƙwato Dikwa a Maris, su da na Nijar suka ƙwato Damasak, har a majalisar mai shayi ana cewa ai da a bar musu yaƙin kawai. Sun zauna a Damasak suna ta ƙorafin cewa namu ba su zo sun karɓi garin ba, da suka gaji suka ƙetara suka koma gida, Boko Haram ta sake shigowa abinta kamar ba a yi ba. A 2016 da aka kai wa Bosso mummunan hari Chadi ta tura sojoji 2,000 Nijar, a Oktoban 2017 ta kwashe ɗaruruwa daga yankin Diffa makonni kaɗan bayan Trump ya sa sunan Chadi a jerin ƙasashen da aka hana shiga Amurka, mutane da yawa suka ce fushin ne. Ka duba fa, an hana wani biza a Washington, wani manomin tattasai a bakin kogin Komadugu ya rasa mai gadi. A Janairun 2020 kuma Chadin ta kwashe sojoji 1,200 daga Borno, mutanen Gajiganna da suka ga motoci na fita ba su jira komai ba suka bi hanyar Maiduguri. Wata biyu bayan nan aka kashe wa Chadi sojoji kusan 100 a Bohoma, Deby da kansa ya je bakin daga ya jagoranci ramuwa, ya dawo yana cewa Chadi ce kaɗai ke ɗauke da kayan yaƙin nan. Ɗansa Mahamat ma da aka kashe masa kusan 40 a Barkaram ƙarshen Oktoban 2024 barazanar ficewa ya yi. Kayan aro dai ba ya rufe katara, mu ne muka riƙa mantawa cewa aro ne.

Ita kuwa Nijar, in za a yi gaskiya, ruwa ba ya tsami banza. An yi juyin mulki 26 ga Yulin 2023, Tchiani ya tsare Bazoum, ECOWAS ƙarƙashin shugabanmu ta ba su mako ɗaya ko a shiga da yaƙi, muka yanke musu wutar lantarki muka rufe boda, sai da sanatocin Arewa da malamai suka tashi tsaye suna haba-haba sannan abin ya lafa, bodar ma sai Maris 2024 aka buɗe. A Disamban 2024 Tchiani ya fito da Hausa tsantsa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, namu suka ƙaryata, a Janairun 2025 suka kammala ficewa daga ECOWAS su da Mali da Burkina Faso. To mutumin da ka kashe wa wuta ka ce za ka shigo masa gida da bindiga, shi ne kake mamakin ya ƙi barin yaransa a ƙarƙashin janar ɗinka? Ga kuma bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem har gaɓar teku a Benin wanda shi ne jarinsu yanzu, kuma an riga an fara fasa musu shi. Ban ce Tchiani ya kyauta ba fa. Ni a ganina ma mutanensa na Bosso da Diffa da Nguigmi su ne farkon waɗanda za su ɗanɗana, don kogin da ya raba mu da rani da ƙafa ake ƙetare shi, kuma 'yan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ba sa tsayawa a buga musu hatimi a fasfo. Amma ka ce ba ka san dalili ba, wannan kuma ƙarya ce.

Abin ya tuna min da yaƙin Iraƙi, don shi ne yaƙi na farko da na bi da hankalina, ina ajin ƙarshe na sakandare, babanmu na kunna BBC da Muryar Amurka da DW bi da bi har mu haddace sunayen garuruwa, Falluja, Najaf, Basra, Nasiriyya. Bush ya shiga a Maris 2003 ba da yardar Kwamitin Sulhu ba, sai ya tattaro ƙasashe wai gamayyar masu ra'ayi, wasu sun kawo dubbai wasu sun kawo abin da bai cika bas ɗaya ba, shi dai a ga tutoci da yawa a bayansa. Shekara ɗaya kacal aka fara zamewa.

Sifaniya ce ta fara girgiza su. Firaministansu Aznar ya tura sojoji kusan 1,300 alhali yawancin mutanen ƙasar ba sa so, sai ranar 11 ga Maris 2004, saura kwana uku zaɓe, bama-bamai suka tashi a jiragen ƙasa a Madrid mutum 191 suka mutu, gwamnati ta yi ta ƙoƙarin ɗora wa 'yan awaren ETA, mutane suka gane ana musu rufa-rufa suka je akwati suka kayar da jam'iyyar. Zapatero da ya hau, wanda dama tun a kamfe ya ce zai dawo da su, kashegarin rantsar da shi ya ba da umarni, kafin watan Mayu ya ƙare sun fita. Honduras da Jamhuriyar Dominika da ke aiki a ƙarƙashin kwamandan Sifaniya suka ga inuwar da suke fakewa ta tashi, su ma suka bi.

Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta Filifin. Su gaba ɗaya mutum 51 suka kai, hamsin da ɗaya. A Yulin 2004 aka sace wani direban babbar mota ɗan ƙasarsu, Angelo de la Cruz, talaka mai 'ya'ya takwas da ya je neman abinci, aka ce ko su janye ko a yanka shi. Amurka da Ostireliya suka yi ta matsa wa shugabarsu Gloria Arroyo cewa kar ta kuskura, idan aka biya wa masu garkuwa buƙata gobe ma za su ƙara. Ita kuma ta duba ta ga miliyoyin 'yan ƙasarta ne ke aikatau a ƙasashen waje suna aiko da kuɗi gida, kowane gida na kallon direban nan kamar nasu ne, ta kwashe mutum 51 ɗin wata ɗaya kafin wa'adinsu, aka sako shi ya koma wa iyalinsa. Na tuna babanmu da abokinsa sun yi musu a kan wannan har aka kira isha'i. Abokin yace tsoro ne. Babanmu yace in ɗanka ne fa? Mu 'yan Kaduna da muka ga harin jirgin ƙasan Abuja a 2022 muka ga iyalai na sayar da gidaje don karɓo nasu, ba na jin akwai wanda zai sake yin wannan musun da saurin baki irin na da. Duka biyun suna da gaskiya, kuma wannan ne abin haushin.

Italiya ta daɗe tana cijewa, an kashe mata mutum 19 a Nasiriyya a Nuwamban 2003, a Maris 2005 kuma sojojin Amurka da kansu suka harbe jami'in leƙen asirinta Nicola Calipari a shingen hanya yana rako 'yar jaridar da ya karɓo daga hannun masu garkuwa, ka ga abokin tafiya ya kashe maka mutum, da Prodi ya ci zaɓe a 2006 kafin shekara ta ƙare sun fita. Japan ma a 2006. Ta Jojiya ita ce har da ban dariya, suna da sojoji 2,000 a Iraƙi, su ne na uku a yawa bayan Amurka da Birtaniya, sai a Agustan 2008 Rasha ta faɗo musu a gida, jiragen Amurka ne ma suka kwaso su a guje. Mutum na can yana kashe gobarar wani aka ce masa ai naka ɗakin ne ke ci. Birtaniya ta tsaida faɗa a 2009 bayan ta rasa 179, uwar gayyar da kanta ta fita Disamban 2011, kafin shekara uku Mosul ta faɗa hannun Da'ish. Duk cikin jerin nan ka nemo min ƙasa ɗaya da ta fita saboda an gama aikin. Zaɓe ne, ko gawa ta yi yawa, ko an kama wani, ko wuta ta tashi a gida. Waɗanda ba su da wata ƙasar da za su janye su koma su ne 'yan Iraƙi.

Bayan sallah da 'yan makonni na koma wajen kawu kai masa maganin hawan jini, na same shi yana watsa wa tantabaru dawa, nace Kawu maganar nan ta ranar sallah fa ba ku ƙarasa ba. Yayi dariya yace to mu da muke zagin Nijar, mu ba mu taɓa yi ba? Ya tuna min 2013, Najeriya ta kai sojoji Mali, kwamandan rundunar Afirka ma namu ne, Janar Shehu Abdulƙadir, sai Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma da ta karɓi aikin ta ba ɗan Ruwanda kwamanda, a watan Yuli muka ce muna buƙatar yaranmu a gida muka kwaso da yawansu. Yace wa ya ce mana maciya amana a lokacin?

Sannan ya shiga ta Saliyo, wadda ban taɓa jin ya bayar ba sai ranar. Kun san Najeriya ce ta ɗauki ECOMOG a ka, sojoji wajen 12,000 a Saliyo, ana cewa dala miliyan ɗaya ke tafiya kullum, ga gawarwaki ana shigowa da su ba a ko sanarwa. 'Yan tawayen RUF sun shiga Freetown 6 ga Janairun 1999 sun yi ta'asa, namu suka fitar da su da ƙyar, Obasanjo na hawa a watan Mayu yace ba za a ci gaba da haka ba, aka yi sulhun Lome a Yuli, aka fara janyewa kashi-kashi, wasu bataliyoyin aka canza musu hula zuwa shuɗiya suka zama na Majalisar Ɗinkin Duniya. Kawu yace su an ajiye su ne a wani ƙaramin gari a cikin ƙasar, wata da watanni suna tsaron mararraba, har mutanen da suka gudu daji suka dawo suka gyara jinka suka buɗe kasuwa don sun ga soja. Akwai wata mata da ke dafa musu shinkafa da miyar ganyen rogo da manja, da wani yaro ɗan shekara sha biyu haka da ke ɗebo musu ruwa yana musu tafinta, har ya iya cewa ina kwana da sannu da aiki. Rana ɗaya oda ta zo, ku haɗa kaya da daddare, asuba za a tashi, kuma kar wanda ya gaya wa 'yan gari don kar labari ya kai wa 'yan tawaye su yi mana kwanton ɓauna.

Yace yaron ya zo da jarka biyu tun duhu bai washe ba ya tarar ana loda katifu a mota. Ya tsaya yana kallo, ya tambayi kawu ina za ku? "Nace masa sintiri za mu, da yamma za mu dawo." Ya ba shi bargo da gwangwanin kifi biyu. Yace to wa ke tafiya sintiri ya ba da bargonsa, ai yaron ya gane. Kafin motoci su fita gari mutane sun fito da ƙunshin kaya a ka suna bin su a ƙasa, mata da goyo suna gudu, direba na ƙara wuta. Kawu yace shi fa murna yake a ranar, shekara biyu bai ga iyalinsa ba, kuma ko yau aka sake tambayarsa zai ce Obasanjo ya yi daidai, ba za ka yi ta binne yaran Zariya da Ogbomosho a dajin wani ba iyaka ba. "Amma ƙaryar nan da na yi wa yaron, ita ce har yau." Ya ci gaba da watsa dawarsa. A farkon Mayun 2000, daidai lokacin da ragowar ECOMOG ke ficewa, RUF ta kame sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500, sai da Birtaniya ta turo nata.

Na dawo gida ina tunanin Ruwanda, inda aka kashe sojojin Beljiyam 10 a Afrilun 1994 ƙasarsu tace su fito, akwai wata makarantar koyon sana'a a Kigali da mutum kusan 2,000 suka fake don sojojin na wurin, ranar 11 ga wata sojojin suka hau mota suka tafi, masu adduna dama suna bakin shinge suna jira. Nan ne na fara rarrabe abu biyu da ƙanina ya cakuɗa, akwai tafiya akwai kuma yadda aka tafi. Tafiya kam kowa zai tafi, so so ne amma son kai ya fi. Amma kai ka kafa tuta mutane suka ga tutar suka fito daga maɓoya, ka ga kenan ka ci bashin aƙalla sanarwa, da lokacin da za su ɗaure kaya, da wanda za ka damƙa wa wurin hannu da hannu.

Duk wannan hikimar na tara ta a kaina ina jin kaina wani masani. Sai ga namu.

Unguwarmu layi huɗu ne muka haɗu tun wajen shekara huɗu da suka wuce muka ɗauki 'yan sintiri shida, kowane gida 2,000 a wata, shago 3,000, aka saya musu tocila da usur da rigunan ruwa, suna zagayawa daga sha ɗaya na dare zuwa kiran assalatu. Layinmu shi ne na bakin kwalta, masu gidan kansu, ma'aikata da 'yan kasuwa. Layin ƙarshe kuma shi ne na bakin kwari, gidajen haya ne ɗaki-ɗaki, ta can ne ma ɓarayin ke haurowa. Ni ne ma'aji, littafi na hannuna, kuma littafin nan ba ya ƙarya, fiye da rabin kuɗin daga layinmu yake fitowa, layin kwari wata sai ya wuce gida biyar ne suka biya, in ka je karɓa a ce maigidan ya fita, kana jin tarinsa a ɗaki. Ana haka aka sace babur a layinmu, sati biyu aka haura gidan wani Alhaji aka kwance batiran sola. Aka kira miting bayan isha'i a ƙofar masallaci, rai a ɓace, wani yace mu ke biya mu ake sata, yaran nan kullum suna can bakin kwari suna gadin waɗanda ba sa ba da ko sisi. Aka ce ma'aji karanto mana. Na miƙe na karanto, gida-gida, wata-wata, har da ɗan jan murya a inda ya kamata. Wallahi ba wanda ya tilasta ni, ni ma haushi nake ji. Aka yanke cewa daga ƙarshen wata mun fita, za mu sa geti a bakin layi da ƙarshensa mu ɗauki masu gadi biyu namu na kanmu.

Har yanzu ban ce hukuncin kuskure ne ba. Tunda aka sa getin ko takalmi ba a ɗauka a layinmu ba.

Amma ni aka ɗora wa sanar da sauran layukan, kuma aka ce in yi da wuri don su shirya. Na yi ta jan ƙafa, kunya nake ji, yau nace gobe, gobe nace bari a wuce ɗaurin auren gidan wane kar a ɓata taro, har ranar 29 ga wata da daddare na rubuta wani dogon saƙo mai cike da bisa la'akari da halin da ake ciki na jefa a guruf ɗin WhatsApp na kashe data. Layi ukun da suka rage suka gwada riƙe yara biyu, wata ɗaya suka kasa biya, yaran suka ajiye tocila, ɗaya ma ya koma acaɓa. Kuma getinmu na ƙarshen layi ya toshe hanyar da 'yan kwari ke bi su fito titi da asuba, sai sun zagaya ta bayan makaranta inda ba fitila. Wannan ko a miting ɗin ba wanda ya kawo shi, ni ma sai daga baya na lura.

Shekaranjiya da safe na je sayen ƙosai wajen Inna, wata dattijuwa a layin kwari da tun ina saurayi nake saye a wurinta, kuma a littafina tana cikin gida biyar ɗin nan da ba su taɓa fashin biya ba, da 'yan ɗari bibbiyu masu maiƙo take haɗo nata ta ƙulle a leda. Jikarta ce ke kai niƙan wake tun ƙarfe huɗu da rabi, da can in ta fito yaran sintiri ke raka ta har wajen inji. Na tarar Inna ce da kanta ke tankaɗe-tankaɗe ga ƙullun bai ma gama haɗuwa ba har rana ta fito, tace ai yanzu ba ta barin yarinyar ta fita sai gari ya waye, an kwance mata awaki biyu daren laraba, an kuma tare wani ɗan haya an karɓe masa waya a bayan makaranta. Tana juya ƙosai a mai ba ta ko kalle ni ba tace, "Ni kam ɗan nan, kwana biyu ba na jin usur ɗin yaran nan, ko lafiya? Ga kuɗina na wannan watan ma na ajiye ba ka zo karɓa ba."

Inna ba ta da WhatsApp. Wayarta ma 'yar rakani-kashi ce, jikar ke duba mata lamba.

Na buɗe baki, kuma Allah shi ne shaida abin da ya fara zuwa kan harshena shi ne in ce mata ana ɗan gyare-gyare ne za su dawo. Na haɗiye. Nace Inna ki riƙe kuɗinki tukuna, zan shigo da yamma in miki bayani. Tace to Allah ya kaimu, ta ƙara min ƙosai uku gyara kamar kullum.

Na je da yamman, na faɗa mata komai har da cewa ni na karanto littafin. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko za a iya ba jikarta makullin ƙaramar ƙofar getin don niƙan asuba. Nace zan kai maganar miting ran lahadi. Na kira mutum uku a layinmu jiya don in fara lallashi, biyu sun ce sai dai a ji ta bakin Alhaji, ɗayan bai ɗaga ba.